Addu'ar da Nake Ji ta Bayan Katanga



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure, kun saba idan kuka buɗe waya bayan Isha'i ku tarar da bayani a kan farillan alwala, ko ƙabli da ba'adi, ko nisabin zakkar hatsi idan kaka ta yi. Abin da na zo muku da shi yau daban ne, kuma yana da tsawo. Wanda cajinsa ya yi ƙasa ya bari sai da safe. Labarin wani Kirista ne, maƙwabcina a nan Madarumfa, wanda ya yi wata 11 yana neman aiki yana addu'a, bayan an zalunce shi a gaban idona na yi shiru. Na nemi izininsa kafin in rubuta, na kuma karanta wa Liman ya ji. Ba zan ambaci sunan kowa ba, nasa ko na maigidan da muka yi wa aiki. Wanda ya gane ya riƙe a cikinsa.

Na san wani zai ce, me ya haɗa zauren masallaci da addu'ar Kirista? Ku yi mini haƙuri. Ban zo in ce muku addininmu ɗaya da nasu ba. Abin da muka ƙudurce game da Annabi Isa (AS) dabam, abin da suka ƙudurce dabam, shi ya sani ni ma na sani, mun kuma faɗa wa juna ba sau ɗaya ba. Wajibin da ya hau kaina ne na kasa saukewa a kan lokaci, shi nake son ku gani tun kafin irinsa ya hau kan ɗayanku.

Da yawa cikin yaranmu suna zaton duk Kiristan da suka gani baƙo ne, daga Benin ko Togo ko kudancin Najeriya. Maƙwabcina Bahaushe ne gaba da baya, Bakatsinen Maraɗi kamar ni. Kakansa ne ciwon kuturta ya kama, aka kai shi asibitin Danja da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1956, nan kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Can ya yi jinya, can ya zauna, can ya karɓi addininsu. Mishan ɗin ta shigo Nijar tun 1924 ta Damagaram, daga baya ta kafu a Tsibiri, Littafinsu kuwa an gama fassara shi da Hausa tun 1932. Na kawo wannan ne don ku fahimci abu ɗaya: da Hausarmu yake addu'a. Allah yake cewa, da Ubangiji, da gafara, da alheri. Shi ya sa duk abin da ya furta a tsakar gidansa, babu kalmar da ke ɓace mini.

Shekara 6 muka yi muna aiki tare a mangazar wani attajirin hatsi a cikin Maraɗi. Aya da riɗi da wake ake saye daga ƙauyuka a tara, a yi lodi zuwa Najeriya. Ni ke kan sikeli, shi ke riƙe da littafin shiga da fitar kaya. Babur ɗaya muke hawa kullum, kilomita 20 da 'yan kai, mu raba kuɗin mai. A duk shekarun nan ban taɓa ganin lissafinsa ya yi giɓin ko tiya ɗaya ba, kuma maigidan da bakinsa yakan yi alfahari da shi a gaban baƙi.

Amma akwai ƙananan abubuwa da ido ya saba da su har ya daina gani. An ware masa moɗarsa a bakin randa. Idan 'yan dako suna son raha sai su ce a kira arnen nan ya zo ya ƙirga. Ranar Lahadi, wadda aka yi alkawari tun farko za a bar masa safiyarta, ita aka fi tsiro da lodi na gaggawa. Ban taɓa kiransa da wancan suna ba, sai dai idan an kira shi nakan yi murmushi tare da masu dariya, da yamma kuma in hau bayansa mu koma gida kamar ba a yi ba.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kun tuna yadda muka kasance: ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Kaya suka tsaya a mangaza. Maigida ya tara mu ya ce a yi haƙuri da albashi sai hanya ta buɗe. Mu Musulmi bayan wata biyu aka fara ba mu rabi a ɓoye, ana cewa kada mu yi surutu. Shi ko dala ba a ba shi ba. Albashinsa jika 55 ne a wata, aka tara masa na wata 4.

Wani dare cikin kaka mun kama hanyar gida, na tuna na bar wayata a kan sikeli. Muka juya. Ya tsaya da babur a bakin titi, na shiga lungun da ƙafa. Babu wuta, amma na tarar da ƙofar mangaza a buɗe, mota a tsaye ba fitila, samari suna loda buhunan aya. Na haska tocila. Wanda ke tsaye da makulli a hannu ƙanin matar maigida ne. Muka haɗa ido. Bai ce mini kome ba, ban ce masa kome ba. Na ɗauki wayata na fita, muka taho har Madarumfa ban buɗe baki ba.

Bayan kwana 9 aka yi ƙirga, buhu 40 babu. Maigida ya tsayar da maƙwabcina a tsakiyar fili, gaban 'yan dako da direbobi da masu tallar abinci, ya ce masa ɓarawo, ya ce daman laifinsa ne da ya ba wanda ba ya salla amana. Aka karɓe littafin daga hannunsa. Ba a ba shi albashin da yake bi ba, ba a ba shi takardar shaidar aiki ba, aka ce ya gode Allah da ba a kira masa jandarma ba. Ya ce shi bai ɗauka ba, Allah ne shaidarsa. Sannan ya juyo ya dube ni, sau ɗaya. Ni kuwa na sunkuya ina gyara allurar sikelin da babu abin da ya same ta.

Ina da mata biyu da 'ya'ya 7, da tsohuwa a ɗaki. Wannan ita ce hujjar da na yi ta ba kaina. Ina faɗa muku ita ne don na san da yawanku za su ce hujja ce mai ƙarfi, kamar yadda na ce.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ta laka, ba ta wuce kafaɗa da yawa ba. Al'adarsu ce su tashi da asuba su yi sujadar iyali kafin kowa ya fita, kuma lokacin ya yi daidai da dawowata daga masallaci. Da can ba na kula. Waƙa ce a hankali, sai karatu, sai addu'a, kamar yadda mutum ke jin dakan maƙwabta bai saurara ba. Bayan korar sai kunnena ya buɗe.

Makonnin farko ban ji muryarsa ba sam. Uwargidansa ce ke jan yara. Daga baya ya gaya mini cewa a kwanakin nan ya kasa addu'a. Suna da wata addu'a da suke cewa Almasihu ne ya koya wa almajiransa, kowane yaronsu ya haddace ta, kuma a cikinta akwai wurin da mai roƙo ke ɗaura gafarar da yake nema ga gafarar da shi yake yi wa waɗanda suka yi masa laifi. Ya ce idan an zo wurin sai harshensa ya yi nauyi, ya yi shiru iyali su wuce, don ba ya son ya yi wa Allah ƙarya da sassafe. Abin da ya iya a lokacin shi ne karanta Zabura, wuraren da Dawuda ke kai kukan maƙiya da masu shaidar zur. Ya ce ya yi mamaki da ya ga ashe an yarje wa bawa ya kai wa Ubangijinsa ƙara da zafin zuciya, ba sai ya yi kwalliyar magana ba.

Wajen ƙarshen Disamba, bayan Kirsimetin da suka yi ba ɗinki ba nama, muryarsa ta dawo. Addu'arsa ba ta da tsawo. Yakan fara da godiya don an kwana lafiya. Yakan roƙi abincin ranar, na ranar kaɗai. Yakan ambaci wurin da zai kai takarda, ya roƙi tagomashi a idon wanda zai gani. Sannan ya ambaci maigidanmu da sunansa. Ranar da na fara ji na tsaya cak da tasbaha a hannu, ina jiran in ji an roƙa masa gobara ko karayar arziki, don wallahi da ni ne abin da zan roƙa ke nan. Sai na ji yana cewa Allah Ya buɗe masa ido, Ya tsare 'ya'yansa daga cin haram, Ya cire ɗacin da ke zuciyarsa shi mai roƙon game da shi. Bayan haka ya ambaci sunana. Ya ce Allah Ya ba Malam ƙarfin hali. Bai ƙara kome a kai ba, ya rufe da sunan Yesu kamar yadda suke yi, yara suka ce amin.

Kullum haka. Na canza lokacin dawowata, na riƙa zama a masallaci har hantsi da sunan azkar. Allah Ya san ba azkar ya zaunar da ni ba.

Neman aiki kuwa, wanda bai yi ba ba zai san cinsa ba. Kowane dosiye yana son fotokofi, da tambur, da hoto, da takardar kotu ta shaidar rashin laifi wadda ake kira kaziye, ita kuma idan ta wuce wata 3 ba a karɓa, sai an sake. Ya yi rajista a ANPE, ya bi ƙungiyoyin agaji, ya bi kantuna da gidajen mai. Ko'ina tambaya ɗaya ce: ina ka yi aiki, ina takardarka? Shekara 6 ba takarda. 'Yan kasuwar Maraɗi kuwa duk sun san juna. Kafin ya isa ƙofa labarin buhu 40 ya riga shi zama. Mutane suna cewa ai danginsa 'yan mishan za su ɗauke shi, kamar kowane Kirista yana da kujera tana jiransa. Ikilisiyarsu 'yar ƙarama ce, manoma ne da malaman makaranta da 'yan gadi. Abin da suka iya shi ne matan zumunta suka haɗa masa tiya 12 ta gero, fastonsu kuma yakan zo ranar Laraba da yamma su durƙusa tare.

Akwai abin da ya faru a tsakiyar wannan da nake son mu tsaya a kansa. Sunansa irin namu ne, na annabawa, wanda duk ya ji ba zai rarrabe ba. Wani mai son sa da alheri ya ba shi shawara ya yi shiru da addininsa, idan an tashi salla ya zame kamar zai yi alwala. Ya ƙi. Wani kuma, mai shago babba, ya ce masa a fili: aiki yana nan, gobe ma ya fara, amma Juma'a mai zuwa yana son ya gan shi a sahu. A ranar gidansa ba a ɗora tukunya ba, na sani don matata ce ta miƙa musu kwano ta kan katanga. Ya ce wa mutumin ya gode, amma idan ya sayar da abin da ya gaskata don albashi, to me zai hana shi sayar da kayan shagon gobe?

Ina fatan Allah Ya shiryi maƙwabcina zuwa Musulunci, kuma na faɗa masa haka ido da ido. Amma ku gaya mini, 'yan'uwa, wace irin kalmar shahada ce yunwa za ta matso daga bakin mutum? Wani ya yi mini musu da cewa ai shari'a ta ware kaso a zakka don lallashin zukata. Gaskiya ne. Sai dai kyauta ake yi wa mutum a can don zuciyarsa ta yi laushi, ba a toshe masa hanyar abinci har ya durƙusa. Mai shagon nan da ya ɗauke shi aiki ba sharaɗi, ya biya shi a kan lokaci, ya nuna masa gaskiyar Musulmi shekara guda, da ya yi wa'azin da ya fi wancan nesa ba kusa ba.

Da takardu suka ƙi, ya koma ƙwadago. Yakan tafi Jiratawa tsinkar zogale da ban-ruwa a lambuna, a ba shi jika ɗaya da rabi a wuni. Wani lokaci ya sari kifi a bakin tafki ya kai Maraɗi. Uwargidansa ta fara tuyar ƙosai, wasu a unguwa suka hana 'ya'yansu saye. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko daga jika ɗaya da rabin nan sai ya ware kashi ɗaya cikin goma ya kai baiko ranar Lahadi. Na ce masa ai ko a wurinmu wanda bai kai nisabi ba ba a ɗora masa. Ya yi dariya ya ce, Malam, idan na daina bayarwa zan fara jin kamar ni nake ciyar da kaina.

Kada ku zaci dutse ne. Wata yamma cikin hunturu na same shi a bakin tafki shi kaɗai, can wajen da baƙi ke bi idan sun zo ziyarar kaburburan waliyyai 99, masunta suna jawo komarsu. An kore masa 'yarsa daga makaranta saboda kuɗi. Ya yi azumin kwana 3 a kan wani aiki da aka yi masa alkawari, ranar ta huɗu aka ba wani. Ya ce mini, Malam, ku a wurinku idan Allah Ya yi shiru me kuke cewa? Na kawo masa abin da muka sani, cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza: ko a ba bawa abin da ya roƙa, ko a tunkuɗe masa wani sharri, ko a ajiye masa. Na ba shi labarin Annabi Yusuf (AS), wanda aka yi wa ƙazafi a gidan da yake aiki, ya yi shekaru a kurkuku. Ya ce su ma suna da labarin, shi yake karanta wa yara. Ya yi shiru, sannan ya ce: amma ka lura, Yusufu ma sai da wani ya tuna da shi ya yi magana a gaban sarki.

Ban amsa ba. Na ce magariba ta yi, na tashi.

Haka na kai har azumin 1445, watan Maris na 2024, daidai lokacin da aka sake buɗe iyaka. Ina zaune a tafsiri, Malam ya iso Suratun Nisa'i, aya ta 105 da waɗanda ke biye, ya kawo dalilin saukarsu kamar yadda malaman tafsiri suka ruwaito. Wani daga cikin Musulmin Madina, Ɗu'uma ɗan Ubairiƙ, ya saci sulke a cikin buhu mai gari. Garin ya riƙa zuba ta wata ɓula. Ya kai sulken ya ajiye wurin wani Bayahude, Zaidu ɗan Samin. Aka bi sawun gari har gidan Bayahuden. Dangin ɓarawon suka taru suka je wurin Manzon Allah (SAW) suna son ya kare ɗan'uwansu, kada Musulmi ya kunyata Bayahude ya kuɓuta. Sai wahayi ya sauka ya wanke Bayahuden, ya tona asirin Musulmin, ya yi kashedi mai tsanani ga wanda zai aikata laifi ya jefa wa marar laifi. Malam ya ɗaga kai ya ce, ku duba, ayoyin da muke salla da su har tashin kiyama, an saukar da su ne don wanke wanda ba Musulmi ba daga sharrin Musulmi.

Jama'a suka yi kabbara. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Buhu, da sata, da dangi masu rufa wa nasu asiri. Babu abin da ya rage sai sunana.

Daren nan na je wurin Liman na faɗa masa duka. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ya tuna mini cewa ƙarshen Suratul Baƙara ya jingina zunubin ɓoye shaida ga zuciya kanta. Ya tuna mini wasiyyar da Annabi (SAW) ya yi wa Mu'azu ɗan Jabal da zai aike shi Yaman: ya sanar da shi cewa wurin Ma'abota Littafi za shi, kuma da kashedi a kan addu'ar wanda aka zalunta ya rufe wasiyyar. Ya ce a Musnad na Imamu Ahmad akwai ruwayar da ta bayyana cewa kashedin ya haɗa har da wanda aka zalunta ba Musulmi ba. Na ce masa, Malam, ai shi ba mugun abu yake roƙa mana ba, shiriya yake roƙa mana. Liman ya ce, to wannan ya fi ban tsoro, don ya bar wa Allah zaɓin hukuncin ke nan.

Bayan Salla muka je gidan maigida, ni da Liman, a keɓe, don nasiha a asirce ake farawa. Na faɗi abin da na gani. Fuskarsa ta nuna mini ba sabon labari na kawo masa ba. Ya ce in tuna wanda ya yi mini sutura shekara 6. Ya ce zan tozarta gidan Musulmi saboda arne. Liman ya karanta masa ayoyin nan, ya tuna masa hadisin gumin ma'aikaci da kowa ya haddace, da babin ijara da muka karanta a Risala tun muna yara, inda babu wurin da aka ce ladan ɗan ƙwadago yana faɗuwa saboda addininsa. Ya sallame mu ba tare da ya amsa ba.

Daga nan maƙwabcina ya kai ƙara ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi, na bi shi na ba da shaida. A nan na san abin da ya kamata kowane mai ɗaukar ma'aikata a cikinku ya sani: dokar ƙwadago ta 2012 ta hana bambanta ma'aikaci saboda addininsa, ta kuma wajabta ba shi takardar shaidar aiki idan zai tafi, ko da rigima aka rabu. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. Mu da muke auna sa'in zakkar fid-da-kai da hannu biyu don kada ya ragu, mu duba abin da muke ba mai gadi da yaron shago da 'yar aikin gida. Aka yi sulhu: maigida ya ba da takardar, ya biya jika 110, ya sa hannu zai cika sauran bayan damina. Bai janye kalmar ɓarawo a gaban waɗanda ya faɗe ta ba. Ni kuma kafin wata ya ƙare aka ce an sami wani a kan sikeli.

Sai ga mu mu biyu a kan babur ɗaya, kowa da dosiyensa a cikin leda. Na ɗanɗani abin da ya sha: zaman benci, da sai an neme ka, da kunyar shiga gida hannu rabbana. Ni ina istihara da salatin Annabi, shi yana nasa, babu wanda ya shiga na wani. Amma sunana bai fita daga addu'arsa ta asuba ba, sai dai roƙon ya canza, yanzu abinci yake roƙa wa gidana.

A kan hanyar nan ne wata rana, mun tsaya gyaran taya kusa da Danja, na nemi gafararsa. Na fara ba shi labarin daren da na koma ɗaukar waya, tun daga farko, har da abin da na ɓoye a gaban sufeto, wato wata 5 da na yi ina jin addu'arsa ina gudu. Ya ce, Malam, ai na sani. Ina bakin titi na ga mota ta fito ba fitila bayan ka fito, kuma ka yi shiru har gida, kai da ba ka iya shiru. Ni ban ga fuska ba, kai ka gani. Na ce to me ya hana ka kira sunana ranar da aka tsayar da kai? Ya ce, da na kira ka, ko dai ka musanta ka ɗauki zunubin ƙarya a kan na shiru, ko ka faɗa a kore mu tare, gida biyu ba abinci. Sai na ga gara in kai ka wurin wanda zai iya da kai. Game da gafara kuwa, ya ce ya daɗe da yi, amma ba a rana ɗaya ba. Ya ce tawa ta fi ta maigida wuya, domin maigida bai taɓa cin tuwo a gidansa ba.

Daminar 2024 kun san yadda ta zo wa jihar Maraɗi, gidaje nawa suka faɗi. Katangar da ke tsakaninmu ta zube a cikin dare ɗaya na watan Agusta. Ba mu da kuɗin gini, muka kafa zana.

A watan Oktoba ya sami aiki, ajiyar kaya a wata ƙungiyar manoma, albashin bai kai na da ba. Wanda ya ɗauke shi Alhaji ne, ya ce shaidar da aka bayar a gaban sufeto ce ta kai kunnensa. Ya tambaye shi game da Lahadi tun kafin shi ya tambaya. Da safe na ji su ta bayan zana suna waƙar godiya, uwargidan tana kuka. Ni sai bayan wata 3 na samu, awo a kasuwa, kuma har yau ban koma inda nake da ba. Ba zan ce muku kowa ya ga sakayya a tafin hannunsa ba. Wanda ya kwashe buhunan yana nan yana hawa mota, 'yar maƙwabcina kuma ta yi asarar shekara guda ta karatu wadda babu mai mayar mata.

Damina ta wuce, wata ma ta wuce, jika 110 na nan ba a cika ba. Maƙwabcina ya ce ya bar wa Allah, ba zai sake komawa ofis ba. Liman ya ce barinsa ba ya sauke nauyin daga wuyan wanda ake bi, tunda ba yafewa ya yi don ransa ya so ba, gajiya ya yi.

Alhaji, na san kana cikin wannan zaure, na kuma san kana karantawa, don kai ne kan fara yin amin a ƙarƙashin kowane darasi. Ban faɗi sunanka ba, ba kuwa zan faɗa ba. Ka yi mini alheri shekara 6, ban manta ba, shi ya sa ba na son mu tsaya ni da kai da mutumin nan a ranar da babu sefa. Har jiya da asuba na ji ya ambace ka. Ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah Ya kai mu, ni da Liman za mu zo gida. Za mu zo da takardar da ka sa wa hannu.

Wassalamu alaikum.